Yara Na Son Ganin Teku

Tambaya: Yarana sun ga teku a waya, sun matsa in kai su yawon Sallah. Ina zan nufa? Daga wata uwa, Tsaskiya.

Amsa: Hajiya, teku sai Legas, amma ga Dam ɗin Zobe kusa da Dutsin-Ma, ruwa iya ganin ido. Ku tafi da hantsi, ku juyo kafin la'asar. Kin fi ni sanin halin hanyoyin Safana yanzu, a fara tambayar direbobin tasha. Kowane yaro da babban da zai riƙe hannunsa, don gaɓar akwai laka da santsi. Wanka kuwa, ko sun yi birgima, a'a. A kwantaccen ruwa ake ɗaukar tsargiya, yaro ya dawo yana fitsarin jini. In lilo suke so, sai birnin Katsina.