Ruwan Burtsatsenmu Garai-Garai Yake, Don Me Za Mu Kai Shi Gwaji?

TAMBAYA: Mu mutanen wata unguwa ce a gefen birnin Kano. Bara muka yi karo-karo muka haƙa rijiyar burtsatse, saboda rijiyoyin gidajenmu sun fara ƙafewa da bazara. Ruwan ya fito garai-garai, ba wari, ba zartsi. Sai wani ɗan unguwar da ke karatu a jami'a ya ce sai an kai ruwan ɗakin gwaje-gwaje kafin a saki jiki da shi. Dattawa sun ce ɓarnar kuɗi ce, tunda daga can ƙarƙashin ƙasa yake fitowa. Wane ne ke da gaskiya? Kuma me ya sa tsofaffin rijiyoyinmu ke ƙafewa? Daga mai karatunku, sakataren kwamitin unguwa.

AMSA: Malam, Allah ya saka muku da alheri a kan wannan aiki na gayya. Yaron nan yana da gaskiya, amma dattawa ma ba da ka suka yi magana ba. Ruwan sama idan ya nutse, yana ratsa rairayi da tsakuwa da yumɓu, ƙasa tana tace shi, ƙwayoyin cuta da yawa suna mutuwa a hanya. Shi ya sa ruwan burtsatse da aka gina da kyau ya fi ruwan rafi da na kududdufi da na buɗaɗɗiyar rijiya aminci nesa ba kusa ba. Inda aka samu kuskure shi ne ɗaukar ido da harshe a matsayin alƙalai. An ce ruwa ba ya tsami banza, to amma mafi yawan abubuwan da ke cutarwa a cikin ruwan ƙasa ba sa sa shi tsami, ba su da launi, ba su da wari.

Ka fara da abin da ya fi kusa da ku, wato masai. A unguwannin Kano da suka cunkushe, fili kaɗan ne, kowane gida da ramin masai ko sokawe, kuma sau da yawa bango ɗaya ne ya raba masan wani da rijiyar maƙwabcinsa. Abin da masu aikin tsaftar ruwa suka saba bayarwa a matsayin ƙa'ida shi ne a bar aƙalla mita 30 tsakanin masai da wurin ɗibar ruwa, kuma gindin ramin ya kasance sama da inda ruwan ƙasa ya tsaya da aƙalla mita ɗaya da rabi. Gidaje nawa ne a cikin gari za su iya cika wannan? Ga kuma yanayin ƙasar: yawancin Kano a kan tsohon dutse take zaune, ruwanta yana kwance ne a cikin ruɓaɓɓen dutsen da ke sama da kuma tsagogin da ke cikin na ƙasa. Ruwan da ya samu tsaga gudu yake yi, ba ya samun tatuwar da zai samu a cikin rairayi mai laushi. Idan kuma mai haƙa bai toshe kewayen bututun da siminti daga sama ba, ruwan kwata zai bi jikin bututun ya gangara har ƙasa, komai zurfin rijiyar. Wannan ha'incin ya yi yawa, domin ba wanda ke ganinsa bayan an daɓe dandamali.

Abin da ake nema a gwaji don gane haka shi ne ƙwayar da ake kira E. coli, wadda kasancewarta a ruwa shaida ce cewa bayan gida ya shiga. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya, da ma ta Najeriya, ita ce kada a samu ko ɗaya a cikin mililita 100. Ta wannan ƙofa taifod da amai da gudawa ke shigowa. A 2021 kwalara ta kama mutum fiye da 100,000 a Najeriya, ta kashe fiye da 3,500, kuma Bauci da Kano da Jigawa suna cikin jihohin da abin ya fi shafa. Tare da ƙwayoyin cutar akwai sinadarin naitiret, wanda ke fitowa daga masai da bola da takin zamani. Iyakarsa miligiram 50 ce a kowace lita, kuma jarirai ya fi yi wa illa, domin yana hana jininsu ɗaukar iska yadda ya kamata.

To, sai mutum ya ce a ƙara zurfi mana. A nan ne nake so dattawanku su saurara da kyau, domin zurfi yana raba ka da wata matsala, wani lokaci kuma ya haɗa ka da wata. Duwatsun da ruwa ya daɗe kwance a cikinsu suna narkar masa da abin da ke jikinsu. A garin Tibiri, kusa da Maraɗi a Jamhuriyar Nijar, an fara raba wa jama'a ruwan wata rijiya mai zurfi a tsakiyar shekarun 1980. Ruwa ne mai kyan gani, mutane suka yi murna. Ashe fulorayid ɗin da ke cikinsa ya ninka iyakar miligiram 1.5 a lita fiye da sau uku. Shekaru suka shuɗe ana sha, har yaran da aka haifa a lokacin suka taso da rinannun haƙora, ɗaruruwa daga cikinsu ƙafafunsu sun lanƙwashe, kuma ƙashin da ya riga ya lalace ba ya komawa yadda yake. Duk lokacin da na tuna Tibiri raina yana ɓaci, saboda gwajin fulorayid ba abu ne mai wuya ko tsada ba. A Najeriya ma an san wannan matsala a wajejen Langtang ta Jihar Filato da Kaltungo ta Jihar Gombe.

Bangaladesh ta ga wanda ya fi wannan girma. Daga shekarun 1970 aka yi ta kafa famfunan tuƙa-tuƙa, har suka kai miliyoyi, don a raba jama'a da ruwan tafki mai kashe yara da gudawa. Sai a 1993 aka fara gano cewa ruwan famfuna da yawa yana ɗauke da gubar asenik daga cikin ƙasar kanta. Daga baya aka bi famfunan ana gwadawa, ana shafa wa masu guba jan fenti, masu lafiya kore.

Ku kuma a Kano kuna da naku ƙarin. Idan unguwarku tana kusa da Calawa ko Sharaɗa ko Bompai, ko tana bakin Jakara, to a sa a duba kuromiyom da dalma, saboda ruwan dattin majemu da masana'antu. Dalma ba ta da wani adadi da za a ce yaro ya sha lafiya lau.

Wani abin da mutane da yawa ba su sani ba: tafasa ruwa tana kashe ƙwayoyin cuta, kulorin ma haka, amma babu ɗaya daga cikinsu da ke cire fulorayid ko naitiret ko dalma. Tafasawa ma ƙara musu ƙarfi take yi, tunda ruwa yana tafiya a tururi su kuma suna nan. Alif kuwa laka yake kwantarwa, ba a dogara da shi wajen kashe cuta.

Game da ƙafewar rijiyoyinku: ruwan da ke ƙarƙashin unguwa bai san katanga ba, duk a akushi ɗaya kuke ci. Injin da ke jan ruwa daga burtsatse yana sauke matakin ruwan da ke kewaye da shi, rijiyar guga da ba ta da zurfi ita ce ke fara rasa ruwa. Idan gidaje da masu sayar wa 'yan ga-ruwa da masu yin fiya wata duk suna ja, ga kuma siminti da kwalta sun rufe filayen da ruwan damina ke nutsewa, an cike kududdufai an yi gini, to abin da ake ɗiba ya fi abin da ke komawa. Ba Kano kaɗai ba ce. A Borno akwai rijiyoyin da a da ruwa ke bulbulowa da kansa ba tare da inji ba, ƙarfinsu ya yi ta raguwa, ɗaya daga cikin dalilan kuwa shi ne an bar da yawansu suna kwarara dare da rana. A ganina babban giɓinmu shi ne kowa yana haƙa, amma ba a ajiye lissafin zurfin da aka samu ruwa da yawan abin da ake ja. Kwamitinku zai iya fara nasa: a zaɓi tsohuwar rijiya ɗaya, a riƙa auna zurfin ruwanta da igiya duk wata, a rubuta a littafi.

Ga yadda za ku yi gwajin. Ku tuntuɓi ɗakin gwaje-gwaje na hukumar ruwa ta jiha ko na wata jami'a, kamar Jami'ar Bayero, ku nemi su ba ku tasu kwalbar, kada ku wanke gorar lemo ku zuba. A bar ruwan ya zuba na 'yan mintuna kafin a tara, a sa kwalbar cikin ƙanƙara, a kai ta a ranar. Ku ce a auna E. coli da naitiret da fulorayid da dalma da ƙarfe, a kwatanta da ma'aunin ruwan sha na ƙasa, NIS 554. A ɗebi kwalba ɗaya daga bakin rijiyar, ɗaya daga tanki, ɗaya kuma daga randar wani gida, domin sau da yawa ruwa yana fitowa da tsabta sai jarka da moɗa su ɓata shi. Gwajin ƙwayoyin cuta a maimaita shi a tsakiyar damina, lokacin da ruwan ƙasa ya taso kusa da ramukan masai, sa'an nan a riƙa yinsa aƙalla sau ɗaya a shekara. Idan sakamakon ya fito, ka turo mana shi mu duba tare.