Yadda Ake Farfaɗo da Jin Ƙanshi Bayan Mura

Idan hunturu ya sauka a Gummi, mura kan biyo ƙurarsa. Wani zai warke, amma miyar kuka ta zame masa salam, har ya fara zargin uwargida da rowar daddawa. Sau da yawa laifin hanci ne. Harshe abu biyar yake ganewa: zaƙi, tsami, gishiri, ɗaci, da daɗin nan na romo. Sauran armashin abinci ƙanshi ne da ke hawa ta bayan maƙogwaro zuwa rufin hanci yayin tauna.

Fara da gwaji. Ɗora gishiri a harshe, ka kurkure baki, ka lashi tsamiya. In ka bambance su, harshenka lafiya lau, saura hanci.

Sai ka nemi abu huɗu masu ƙanshin da ka sani tun kana yaro. A binciken da Thomas Hummel ya wallafa a 2009 daga Dresden ta Jamus, an yi amfani da fure, lemun tsami, kanumfari da man zaiti. A kasuwar Gummi za ka samu kanumfari, citta, lemun tsami da turaren wuta. Zuba kowanne a kwalba mai murfi. Kar ka sa barkono: zafinsa wata jijiya ce daban ke ɗaukarsa, za ka yi atishawa ka ɗauka ka warke.

Buɗe kwalba ɗaya, ka shaƙa a hankali na daƙiƙa 20, kana kawo ƙanshin a ranka ko da ba ka jin komai. Wannan tunawar tana cikin aikin. Huta kaɗan, ka ɗauki ta gaba. A yi sau biyu kullum. Haɗa shi da sallar asuba da ta isha'i don kar ka manta.

Ka jure aƙalla mako 12, domin jijiyoyin shaƙa suna sake tsirowa, sai dai ba sa gaggawa. Wataƙila a tsakani soyayyen nama ya riƙa yi maka wari. Hakan kan faru a hanyar warkewa.

Kafin nan, bar wani ya shinshina maka kwanannen tuwo da tukunyar gas. In kuma hanci ɗaya ne ya toshe, ko yana zubar da jini, ko matsalar ta biyo bayan buguwa a ka, ajiye kwalaben ka tafi Babban Asibitin Gummi.