Yadda Ake Zuwa Kallon Wasan Kalangu a Sabon Gari

Mutane da yawa suna zaton zuwa kallon makaɗi ba ya bukatar wani sani, illa iyaka mutum ya biya kuɗin ƙofa ya nemi benci ya zauna, alhali kuwa duk wanda ya yi zama a Sabon Garin Sakkwato a zamanin da manyan makaɗan kalangu da goge da kukuma suke sauka a gidajen wasa na unguwar, ya san cewa kallo yana da ladubbansa da sharuɗɗansa, kuma da ɗan kallo ake raya daren, ba da mai waƙa kaɗai ba. Dalilin da ya sa wannan unguwa ta zama masaukin harkar a fili yake. Cikin gari, daga Ƙanwuri zuwa Hubbare, muhalli ne na sarauta da karatu, kiɗan da ya dace da shi kuwa shi ne na fada, irin taushin Salihu Jankiɗi, wanda ba da tikiti ake jin sa ba. Amma unguwar baƙi, inda direbobi da fatake da ma'aikatan gwamnati suke cuɗanya da Yarbawa da Inyamurai, ita ce take iya ɗaukar amon kalangu har dare ya raba ba tare da an keta alfarmar kowa ba.

Labarin wasa ba ya wuyar samu, domin mota mai lasifika za ta zaga gari da la'asar, ko a ji sanarwa a Rediyo Rima. Abin da sabon shiga yake mantawa shi ne canji. Kafin naira ta zo a 1973, sule da sisi ake zubawa a tasa, ƙararsu ma wani ado ce ga kiɗan. Da takarda ta yawaita sai liƙi a goshi ya zama al'ada, ya kuma zama tilas mutum ya nemi ƙananan takardu sababbi tun da rana. A kasa kuɗin kashi uku, kowane da aljihunsa: na ƙofa, na liƙi, da na komawa gida, wanda ba a taɓa shi ko da waƙa ta kai inda ta kai. Tufafi kuma magana suke yi, gama wanda ya saɓa babbar riga mai aiki ya riga ya shaida wa maroƙa cewa da nauyinsa ya zo, saboda haka mai ƙaramin ƙarfi ya tsaya ga kaftani da hula, ya riƙo mayafi in lokacin hunturu ne. A ci tuwo a gida, a sallaci lisha cikin jam'i, sa'an nan a kama hanya da abokai biyu ko uku.

Na san akwai mai cewa me zai kai ɗan Musulmi irin wannan wuri. Mas'alar kiɗa tsohuwa ce a garin nan, Shehu Usmanu da ƙanensa Malam Abdullahi duk sun yi rubutu a kanta, kuma ba a kowane fasali fahimtarsu ta zo ɗaya ba. Abin da na gani da idona shi ne, akwai mai zuwa don kwalba, akwai mai zuwa don mata, akwai kuma mu da azancin magana da hikimar hannu suke kai mu, kowa da teburinsa, kowa da niyyarsa. Bayan da Jihar Sakkwato ta ƙaddamar da shari'a a 2000, galibin irin waɗancan gidaje sun canza kama, wasa ya koma wuraren biki da ɗakunan taro, amma ladabin kallo bai canza ba.

In an shiga, kada a zauna daidai bakin lasifika, domin can ƙara ce kawai ba kiɗa ba, kada kuma a lafe a baya inda hira ta fi waƙa yawa. Wurin masana shi ne gefe, kusa da inda masu kalangu suke tsayawa, inda za ka ga yadda makaɗi yake matse tsarkiya a hammata murya ta hau, ya sassauta ta sauka, kana jin bugun a ƙirjinka kafin ya iso kunnenka. Wannan son a ji kiɗa a jiki ba namu ba ne mu kaɗai. A Ingila da Amurka, tun da ƙungiyoyin Led Zeppelin da Deep Purple suka kafu a 1968, samari suke turereniya zuwa gaban dandamali don jita mai lantarki ta girgiza su, ga kuma maƙwabtanmu Buzayen Nijar, irin su Bombino da Mdou Moctar, sun ɗauki wannan jita sun kai ta duniya. Sai dai a can ɗan kallo ɗaya ne cikin dubbai, ya zo ya tafi ba wanda ya san sunan ubansa. A nan kuwa ana iya kiran ka, kuma a kan wannan kira ne dukan fasahar kallo take.

Yaran mawaƙi za su share fage da kiɗa tukuna, mai gida ba ya fitowa da wuri. A wannan tsakani ne sanƙira, wato maroƙin mawaƙi, yake zagawa yana gaisawa da mutane yana tattara sunaye, ya durƙusa gaban mai riga ya ce, "Ranka shi daɗe, ɗan wa za mu ce?" Ko ka yi shiru, abokinka zai raɗa masa. Manyan mawaƙa ba su bukatar fiye da haka. Alhaji Mamman Shata, wanda Jami'ar Ahmadu Bello ta ba digirin girmamawa a 1988, ya kuma rasu a 1999, an san shi da ƙaga waƙa nan take, daga suna ɗaya da sana'a ɗaya ya gina abin da za a yi shekaru ana maimaitawa.

To, ga sunanka ya faɗo daga bakin mai waƙa, idon jama'a ya juyo. A nan ne ake gane wanda ya iya. Wanda ya zabura tun a kira na farko ya nuna cewa dama abin da ya kawo shi ke nan, yunwar yabo gare shi, kuma ya rage wa mawaƙi damar shimfiɗa magana. Wanda kuma ya noƙe har 'yan amshi suka gaji da juyawa, ya jawo wa kansa abin da ya fi rashin yabo ciwo, domin harshen da ya iya kirari ya iya habaici, kuma kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake. Daidai shi ne ka zauna da natsuwa, kanka a ɗan sunkuye, har amshi ya dawo sau biyu ko uku, har ka ji babban kalangu ya karɓi sunan yana faɗar sa da bakinsa, hawa da saukar muryar duka, sa'an nan ka miƙe ba gaggawa, ka gyara hula, ka taka bisa kiɗan. Kada ka gitta tsakanin mawaƙi da 'yan amshinsa, gama da ido suke karɓar ishara daga gare shi, ka kuma lura da wayar lasifika a ƙasa. Ka fara da mai waƙa, takarda ɗaya ɗaya, kowace ta sauka tare da bugu. Ka juya ga mai babban kalangu, wanda da yawa suke mantawa alhali shi ya ɗauko ka daga benci. Ka sallami 'yan amshi. Ka rufe da sanƙira, domin shi ne zai ɗaga murya ya shaida wa jama'a abin da ka yi, ya bi shi da addu'a. Ka fita daga fage tun waƙarka tana da ƙarfi, kada ka tsaya har a sake ta kana nan tsaye hannu wofi.

Akwai sharaɗi biyu da ba a rubuta ba. Ba a shiga fage alhali ubangidanka ko wanda ya girme ka yana ciki, ba a kuma zarce kyautarsa a gabansa, ko da kana da hali. Na biyu, ba a gasa. Na ga wani matashin akawu, albashi na aljihunsa, ya tsaya karawa da wani dillalin shanu, wannan ya liƙa wancan ya ƙara, maroƙa suna zuga, har gumi ya keto masa, sai wani dattijo daga bencinmu ya tashi ya kama hannun rigarsa a hankali ya ce, "Ƙanena, zamna haka nan, wanga hwage ba naka na ba." Yaron ya ce, "To, Baba," ya zauna, kuma ban ga wanda ya yi masa dariya ba, domin kowa a wurin ya san iyakar da ke tsakanin karamci da israfi. Yau dokar Babban Bankin Nijeriya ta 2007 ta hana liƙa naira da tattaka ta, saboda haka masu hankali suke miƙawa hannu da hannu ko su sa a tire, wanda a ganina ya fi mutunci ga kuɗin da mai karɓarsu, muddin dai an kiyaye lokacin tashi.

Bayan tsakar dare ne mawaƙi yake ɗauko bakandamiyarsa, a lokacin ba a zama, kowa yana karɓar amshi, murya ɗari ta zama ɗaya, ƙasa tana motsi a ƙarƙashin ƙafa. Mai son wata waƙa ba ya ihu daga inda yake, sai ya aika ta hannun sanƙira da ɗan abin goro.

A tashi kafin turmutsitsin ƙofa, hannu a kan aljihu, a koma tare da waɗanda aka zo da su, a kuma kwanta da niyyar asuba ko da kunne yana ta amo. A zamaninmu ba a rasa wanda ya ɗora rediyo mai kaset a cinya tun farkon wasa, saboda haka kafin hantsi waƙar jiya ta isa rumfunan kasuwa da tashar mota, masu shago suna aron kaset ɗin suna kwafa, wanda aka kira sunansa kuwa da baitinsa za a riƙa gaishe shi har wani makaɗin ya sauka.