Yadda Malamin Jami'a Ke Ɗora Kwas a Kan Moodle

Duk malamin da ke koyar da 'yan aji ɗaya a jami'a ya san irin cikar da ɗakin lakca ke yi. Ɗalibai ɗaruruwa, wasu a tsaye a bakin taga, na can baya kuwa motsin bakin malam kawai suke gani. Irin wannan aji shi ya fi cin moriyar manhajar koyarwa ta intanet, kuma cikin manhajojin da jami'o'i suka fi amfani da su akwai Moodle. Wani ɗan ƙasar Ostireliya mai suna Martin Dougiamas ne ya fito da ita a 2002. Kyauta ce, kowace jami'a na iya ɗora ta a kan kwamfutocinta ta sa mata sunan da ta ga dama.

Aikin farko ba ya buƙatar kwamfuta ko kaɗan. A makon farko na zango, malam ya tambayi ɗalibansa: wa ke da laftof, wa ke da babbar waya, wa ke da ƙaramar mai tocila, nawa ake kashewa a data a mako, ina ake caji. Amsar da yawanci ake samu ita ce waya Android mai ƙaramin ciki, da datar da ake tattali. A kan wannan amsa za a gina duk abin da zai biyo baya. Da aka rufe makarantu a watan Maris na 2020 saboda korona, aka koma neman hanyar koyarwa daga nesa, malamai da yawa Zoom suka runguma ba tare da sun yi wannan tambaya ba, sai aka wayi gari malam na ta bayani, galibin aji kuwa ba su samu shiga ba.

Daga nan sai a nufi sashen kwamfuta na jami'a, a buɗe wa kwas shafinsa da lambarsa. Hanyar shigar da ɗalibai biyu ce. Ko a ba su kalmar sirri guda kowa ya shigar da kansa, ko a miƙa wa ma'aikatan sashen jerin sunaye da lambobin rajista su zuba gaba ɗaya. Ta biyun ta fi, don kalmar sirrin da aka bai wa mutum ɗari biyar ta tashi daga sirri. A kuma shirya wa masu mantuwa: makonni biyun farko, yawancin ƙorafin da za a ji shi ne "Malam, na manta faswod ɗina." A ɗora wa kilas-ref tattara sunayensu ya kai sashen a dunƙule.

Sai tsara shafin mako-mako, daidai da jadawalin zango. Kowane mako ya samu ɗan bayani na layi uku a kan abin da za a koya, da abin karantawa, da na saurare, da tambayoyi. Abin karantawar ya zama rubutu ne da aka buga aka mayar PDF. Wasu malamai sukan ɗauki hoton tsohuwar hendawut shafi-shafi su ɗora, fayil ya yi nauyi, rubutu ya dushe a fuskar waya. Ga kuma ɗalibi makaho: manhajar da ke karanta masa allon waya, irin su TalkBack, tana karanta bugaggen rubutu, amma in ta zo kan hoto sau da yawa sai ta rasa abin faɗa.

Naɗar lakca ita ce inda aka fi yin tuntuɓe. Malam ya saba magana ta awa biyu, sai ya ga kamar haka zai naɗa. A 2014 wani mai bincike, Philip Guo, da abokan aikinsa sun duba yadda aka kalli bidiyon darussan edX, wani dandalin koyarwa ta intanet, sau miliyan 6.9, suka gano cewa hankalin mai kallo yakan fara gushewa da zarar bidiyo ya haura minti 6. Saboda haka a yanka lakcar gunduwa-gunduwa, kowane yanki batu guda. Sannan malam ya tambayi kansa ko bidiyon ma dole ne. Murya zalla ta awa guda, in aka matse ta da kyau, ba ta cika wuce megabait 30 ba, alhali bidiyon awa guda yakan ci ɗaruruwa. Malamin tarihi ko na adabi, murya da takarda sun ishe shi. Na lissafi da na kimiyyar haɗa sinadarai kuwa sai ɗalibi ya ga hannu yana warware matsala, to sai a kafa waya a saman tebur tana kallon farar takarda, malam na rubutu yana bayani. Mai son allunan PowerPoint, manhajar da kanta tana naɗar murya a kan kowane allo. Lokacin naɗa mafi kyau shi ne bayan asuba, kafin janaretan maƙwabta ya tashi, kuma makirfon abin saƙalawa a kunne ya fi na jikin laftof fitar da murya tas.

A nan ne abin da aka naɗa ya fi lakcar kai-tsaye dacewa da halin da muke ciki. Zoom na kyauta yakan yanke bayan minti 40, wanda sabis ya ɗauke masa kuma ya rasa darasin ke nan. Manhajar Moodle ta waya kuwa tana bari ɗalibi ya sauke kayan mako a inda ya samu sabis mai ƙarfi, ko da datar dare mai araha, ya saurara daga baya ba intanet, ya maimaita yadda ya so.

Tambayoyin mako su ne ribar aikin gaba ɗaya, a ganina. Malam ya tara tambayoyi masu zaɓin amsa a rumbun tambayoyi, misali talatin a kan batu guda, ya umarci manhajar ta zaɓo wa kowane ɗalibi goma a hargitse. Ita za ta yi maki nan take. A ƙarƙashin kowace amsa mara daidai a rubuta layi guda da ke nuna inda aka kauce. A bar gwajin a buɗe kwana biyu ko uku, saboda wuta da sabis ba su da alƙawari. Satar amsa fa? Za a yi, kada malam ya yaudari kansa. Shi ya sa makin waɗannan gwaje-gwaje zai zama kaɗan daga cikin makin tsakiyar zango, babbar jarrabawa kuma ta tsaya a zaure gaban masu sa ido.

Daren jajibirin lakca, malam ya buɗe rahoton gwajin. Zai ga tambayar da ta kayar da yawancin aji, da amsar da suka fi ruɗuwa da ita. Da wannan zai shiga aji washegari. Awa biyun da a da ke tafiya a shifta, yanzu sai su tafi a warware abin da ya gagara, da tambayoyi, da musu mai amfani.

Jinga ma ta Moodle za a karɓa, manhajar tana rubuta ranar da kowa ya miƙa da lokacin, an huta da "wallahi na bai wa kilas-ref." Zauren WhatsApp a bar shi ga sanarwa kawai, don abin da aka jefa can yakan nutse cikin gaishe-gaishe. Waɗanda ba su da babbar waya, a ajiye musu kwafin takardun a shagon hotokofi, a kuma nema musu lokaci a ɗakin kwamfuta na laburare kafin a rufe kowane gwaji.

In zango ya ƙare, a sauke maki zuwa Excel, a adana kwafin kwas ɗin gaba ɗaya a wuri biyu, ɗaya a hannun malam. Tambayoyin da kowa ya ci da waɗanda kowa ya faɗi a sake musu fasali, sannan a share sunayen tsofaffin ɗalibai kafin sababbi su iso.