Darasi Na Goma Sha Huɗu: Tattaki Zuwa Kallon Tseren Ratse

Manufar Darasi

Wannan darasi zai koya wa ɗalibi kalmomin da suka shafi tafiya da yanayi da wasanni. Zai kuma nuna masa yadda ake amfani da lokaci sabau da shuɗaɗɗen lokaci na biyu da amsa-kama a cikin rubutun zube. Ana so ɗalibi ya karanta nassin sau biyu, na farko a zuci, na biyu da ƙarfi, kafin ya duba ma'anar kalmomi.

Nassi

A ƙasashen Turai, da zarar hunturu ya kama, masu tseren keke a kan kwalta sukan jingine wasansu har sai sanyi ya wuce. To amma akwai wani irin tsere wanda sai a lokacin ne kasuwarsa take ci, wato daga watan Satumba zuwa Fabrairu. Turawa suna kiran sa cyclocross. A nan za a kira shi tseren ratse, domin mahayan sukan bar titi su ratsa ciyawa da taɓo da rairayi, wani lokaci har da dusar ƙanƙara.

A Faransa wasan ya samo asali, a farkon ƙarni na 20. An yi gasar ƙasa ta farko a can a shekarar 1902, Beljiyam kuma ta bi sahu a 1910. Gasar duniya ta farko an yi ta ne a birnin Paris a 1950, inda Jean Robic, Bafaranshen da ya ci Tour de France a 1947, ya zo na ɗaya. Mata ba su sami tasu gasar ba sai a shekarar 2000, kuma Hanka Kupfernagel ta Jamus ce ta fara cin ta. Hukumar tseren keke ta duniya, wato UCI, ita ce ke shirya gasar kowace shekara, a ƙarshen Janairu ko farkon Fabrairu. Wanda ya ci yakan sa farar riga mai ratsin bakan gizo har tsawon shekara guda.

Filin tseren ba shi da faɗi sosai. Hanya ce da ake shatawa da igiya da shinge, tsawonta kilomita biyu da rabi zuwa uku da rabi, mahaya su yi ta zagaya ta. Manyan maza sukan yi kamar awa ɗaya, manyan mata kuma kamar minti hamsin. Faɗin tayar keken ba ya wuce milimita 33. A kan hanyar akan gitta katako wanda tsayinsa bai wuce santimita 40 ba, akan kuma haɗa da matakala ko gangare mai santsi. Idan mahayi ya iso irin wannan wuri, sai ya diro, ya saɓa keken a kafaɗa, ya ruga da shi, sa'an nan ya sake hayewa ba tare da ya tsaya ba. Gwanaye sukan tsallake katakon suna bisa sirdi. A gefe guda akwai wurin makanikai. Idan taɓo ya cushe sarƙa da birki, mahayi yakan ratso ta nan ya saki keken, ya karɓi wani, su kuwa makanikai su wanke na farkon fes kafin ya sake zagayowa.

Wannan tsari shi ne ya sa kallon wasan yake da daɗi. Mai kallon tseren kwalta yakan yini a bakin hanya, ayarin kekuna ya wuce shi cikin 'yan daƙiƙu. A tseren ratse kuwa, mahaya sukan wuce ta gaban mutum sau bakwai ko fiye, kusa da shi har yana jin numfashinsu, taɓon taya yana fantsamo masa. Talabijin ba ya isar da wannan, shi ya sa masoya wasan suke yin tattaki. Gani ya kori ji.

Cibiyar wasan ita ce yankin Flanders na arewacin Beljiyam da kuma kudancin Holan. Kowane fili yana da halinsa. An san Koksijde da tuddan rairayi na bakin teku, Zonhoven da wani babban kwari na yashi wanda mahaya ke gangarawa cikinsa a guje, Namur kuma da hawa da gangara a jikin tsohuwar ganuwar birnin. A shekarar 2012 aka yi gasar duniya a Koksijde, mutane kimanin dubu sittin suka cika filin maƙil. Niels Albert ne ya ci, kuma 'yan Beljiyam ne suka kwashe matsayi na ɗaya har zuwa na bakwai. A 2023 aka yi ta a Hoogerheide, wani ƙaramin gari na Holan kusa da iyakar Beljiyam. Tun farkon tseren Mathieu van der Poel na Holan da Wout van Aert na Beljiyam suka yi wa sauran nisa, suka yi ta tafiya kafaɗa da kafaɗa, ba a san maci tuwo ba sai a 'yan mitocin ƙarshe, inda van der Poel ya riga abokin hamayyarsa tsallake layi. Kambunsa na biyar ke nan. A 2025, a garin Liévin na Faransa, ya ci na bakwai, ya kamo Erik De Vlaeminck na Beljiyam wanda ya ci bakwai tsakanin 1966 da 1973. A ɓangaren mata, Marianne Vos ta Holan ta ci takwas tsakanin 2006 da 2022.

Wanda zai je kallo daga wata ƙasa, shirinsa yana farawa ne tun watanni kafin ranar. Beljiyam da Holan da Faransa duka suna cikin yankin Schengen, inda biza ɗaya take isar baƙo. Mai fasfo na Birtaniya ko Amurka ba ya bukatar biza don gajeriyar ziyara, amma mai fasfo na Gana ko Kamaru ko Cadi ko Sudan ko Saudiyya dole ya nema. Ana neman ta ne a ofishin jakadancin ƙasar da mutum zai fi daɗewa a cikinta. Ana iya shigar da takardu tun saura wata shida, kuma sai an nuna inshorar lafiya wadda za ta iya biyan Yuro 30,000. Bayan biza sai masauki. Yawancin garuruwan da ake gasar ƙanana ne, ɗakunan baƙinsu kuma sukan ƙare da wuri, saboda haka mutane da yawa sukan sauka a babban birni kamar Antwerp ko Brussels, su shiga jirgin ƙasa da safe.

Sutura ma abin lura ce. Mai kallo yakan tsaya awa huɗu ko biyar a fili, cikin sanyi da yayyafi, ƙasa kuma ta yi caɓa-caɓa saboda tattakin dubban ƙafafu. Waɗanda suka saba sukan zo da dogon takalmin roba da safa mai kauri da rigar ruwa da hular sanyi. Baƙon da ya zo da takalmin birni yakan jiƙe sharkaf tun kafin a fara. Haka kuma sai an yi sammako, domin wuraren da suka fi kyan kallo, kamar gindin matakala da bakin yashi, su ake fara cikawa. Tseren manyan maza yakan fara wajen ƙarfe uku na rana, kuma jim kaɗan bayan an gama duhu yake shigowa.

Duk da wannan shiri, tafiyar ba ta rasa kasada. A shekarar 2013 aka fara kai gasar duniya wajen Turai, zuwa birnin Louisville na jihar Kentucky a Amurka. An tsara yin ta ne ranakun Asabar da Lahadi, 2 da 3 ga Fabrairu, a wani fili da ke bakin Kogin Ohio. Gab da farawa sai aka ga kogin yana cikowa, ana tsoron kada ya malale filin kafin Lahadi. Sai masu shirin suka tattara dukkan tsere huɗu suka yi su ranar Asabar. Sven Nys na Beljiyam ya ci na maza, Marianne Vos ta ci na mata. Duk wanda ya tsara isowa don Lahadi kaɗai, sai dai ya ji labari. A 2021 kuma, a Oostende, annobar korona ta sa aka yi gasar ba tare da 'yan kallo ba. Saboda haka matafiyi mai dabara yakan iso da ratar kwana ɗaya ko biyu, ya kuma sayi tikitin da za a iya canza ranarsa.

A cikin filin, abin da baƙo zai fara ji shi ne kiɗa da ƙararrawa da ƙamshin soyayyen dankalin Turawa. Manyan mahaya suna da ƙungiyoyin magoya baya, waɗanda kan zo cikin bas-bas da tutoci da riguna iri ɗaya. Ana shan giya sosai a manyan rumfuna, amma wanda ba ya sha zai sami kofi da miya mai zafi. Wani lokaci abin yakan wuce gona da iri, a sami wanda zai watsa wa mahayi giya ko ya yi masa ihu. A Disamban 2023, a garin Hulst, van der Poel ya tofa wa wasu masu yi masa ihu yawu, aka ci shi tara, aka kuma daɗe ana muhawara a kan wane ne ya fi laifi. Al'adar da akasarin masu kallo suke bi ita ce a tafa wa na ƙarshe kamar yadda aka tafa wa na farko, kada a miƙa hannu ko tuta cikin hanya, kada kuma a tsallaka sai inda jami'i ya ba da izini. Idan aka kaɗa ƙararrawar zagayen ƙarshe, kowa yakan juya ga babban allon da ke nuna tseren. Bayan an ɗora wa zakara rigarsa, sai jama'a su kama hanyar tasha, taɓo har gwiwa.

Ma'anar Kalmomi

Tattaki: tafiya takanas zuwa wani wuri don wata manufa.
Ratse: barin hanya a bi ta cikin fili ko daji.
Taɓo: ƙasar da ta jiƙe ta yi laushi tana kama ƙafa.
Shata: zana iyakar wuri.
Gitta: ajiye abu a tsakiyar hanya daga wannan gefe zuwa wancan.
Saɓa: ɗora abu a kafaɗa.
Kambu: matsayin da zakara yake riƙe da shi.
Abokin hamayya: wanda ake takara da shi.
Kasada: yin abin da za a iya yin asara a cikinsa.
Sammako: fita da sassafe.
Rata: tazarar lokaci ko ta wuri.
Ba a san maci tuwo ba: ba a san wanda zai yi nasara ba. Cikakken karin maganar yana ƙarewa da "sai miya ta ƙare".

Bayanin Nahawu

1. Lokaci sabau. Ana nuna abin da aka saba yi da "kan": nakan, kakan, kikan, yakan, takan, mukan, kukan, sukan, akan. Misali: Manyan maza sukan yi kamar awa ɗaya. Aikin da ya biyo baya a jere ba ya maimaita "kan": Yakan ratso ta nan ya saki keken, ya karɓi wani. Korewa tana zuwa da ba … ba: Ba sukan makara ba.

2. Shuɗaɗɗen lokaci na biyu. Ana cewa "sun ci" da "an yi" idan ana ba da labari kai tsaye. Amma idan aka gabatar da wani ɓangare na jimla don ƙarfafawa, ko ana jera abubuwan da suka faru ɗaya bayan ɗaya, sai a ce "suka ci" da "aka yi". A kwatanta: An yi gasar a Koksijde a 2012. A shekarar 2012 aka yi gasar a Koksijde.

3. Amsa-kama. Kalmomi ne da ke ƙara wa aiki ƙarfi, kuma kowace tana da aikin da take tafiya da shi: cika maƙil, wanke fes, jiƙe sharkaf.

Auna Fahimta

1. Me ya sa aka kira wannan wasa tseren ratse?
2. Mene ne aikin makanikai a lokacin tsere?
3. Ta yaya kallon tseren ratse ya bambanta da kallon tseren kwalta?
4. Waɗanne matakai ne mai fasfo na Kamaru zai bi kafin ya je kallo a Beljiyam?
5. Me ya faru a Louisville a 2013, kuma wane darasi ne matafiyi zai koya daga abin?
6. A game da abin da ya faru a Hulst, wane ne ya fi laifi a ganin ɗalibi? A kawo dalili biyu.

Jinga

1. A mayar da sakin layin da ya yi magana a kan Louisville zuwa lokaci mai zuwa.
2. A nemo jimloli biyar masu lokaci sabau daga nassin, a kore su.
3. A rubuta wasiƙa mai kalmomi 200 zuwa ga wani aboki da ke shirin zuwa kallon gasa a wata ƙasa, a ba shi shawara kan takardu da masauki da sutura, a kuma yi amfani da amsa-kama uku.