Yadda Ake Zaɓen Fentin Shimfiɗa Idan An Kankare Tsohuwar Mota

Peugeot 504 ta fara fitowa a Faransa a 1968, daga baya kamfanin PAN da ya fara aiki a Kaduna a 1975 ya cika titunanmu da ita. Duk mai son farfaɗo da irinta a yau, abin da zai fi ba shi wahala shi ne tsatsa: a gindin ƙofofi, da ƙasan but, da bakin gilashi, da daɓen da ake taka ƙafa. Idan fanal bita ya yanke ruɓaɓɓen wuri ya yi walda, aka kankare tsohon fenti har ƙarfe ya fito fes, sai maganar furaima, wato fentin shimfiɗa da zai fara hawa kan ƙarfen.

Kafin a fesa furaima, a shirya ƙarfen. A goge shi da samfefa mai lamba 80, domin sai da ɗan kaushi fenti ke samun abin kamawa. A wanke maiƙo da sinadarin da aka yi don haka, da tsumma mai tsabta. Kada a yi da fetur, yana barin maiƙonsa. Daga nan kada a taɓa da hannu, kuma a fesa a ranar, musamman da damina, lokacin da ƙarfe tsirara ke yin ja kafin gari ya waye.

Sai a tambayi kai: wata nawa motar za ta yi a gareji? Amsar ita ke yanke hukunci.

Akwai furaima mai asid, wanda ke ɗan cin fuskar ƙarfe ya manne. Yana bushewa da wuri, ya dace da ƙaramin gyara da za a rufe nan take. Sai dai siriri ne, ba ya tare laima, kuma ba a shafa fila, wato abin cike lotsawa, a kansa. Akwai kuma ifoksi, mai gwangwani biyu da ake haɗawa. Shi nake zaɓa wa tsohuwar mota, duk da tsadarsa. Yana rufe ƙarfe ruf, ruwa ba ya ratsa shi, fila tana zama a kansa lafiya. Gyaran irin wannan mota ba ya ƙarewa a mako guda. Kuɗi kan yanke, kayan gyara kan yi wuyar samu, mota ta yi watanni tana jira. Ifoksi ne zai tsare ta a wannan zaman. Jan fentin da ake shafa wa get da tagogi kuwa, a bar shi can.

Wajen haɗa ifoksi, a bi ma'aunin da ke jikin gwangwani, ba ƙiyasin ido ba. Wasu nau'o'in suna son a bar haɗin ya ɗan zauna kafin a fesa. Idan an wanke tsatsa da ruwan asid, a ɗauraye sosai a busar, in ba haka ba ifoksi zai ɓare. A zubar da ruwan da ya taru a tankin kwamfaresa, a yayyafa ruwa a ƙasa don ƙura ta kwanta. Da hunturu a jira rana ta ɗaga, sanyin asuba na hana shi bushewa yadda ya kamata. A fesa sau biyu, da ɗan hutu a tsakani.

Kowane ifoksi yana da kwanakin da za a iya ɗora wani abu a kansa kai tsaye. Idan sun wuce, sai an sake karce shi da samfefa. Bayan fila, a fesa furaima mai kauri da ke cike ƙananan ramuka. Wannan yana da guba mai illa ga huhu, don haka ƙyalle a hanci bai wadatar ba; a nemi takunkumin masu fenti na gaske, har da na yaron shago. Idan ya bushe, a goge da samfefa 400 zuwa 600, sannan a kawo launi.