Tsibiran Maldib, Mahaifar Wuri

Yara, kafin zuwan sule da kwabo, da wuri kakanninmu suke ciniki a kasuwannin Kankiya da Kusada. Wuri dubu shi ne zambar, dubu ashirin kuwa keso. Amma wuri ba a gona yake tsirowa ba, ba a kuma haƙo shi a rafi. Ƙoƙon wata 'yar dabbar teku ne, mai kama da dodon-koɗi. Mai yawa daga cikinsa daga tsibiran Maldib ya fito.

Tsibiri shi ne ƙasar da ruwa ya kewaye ta ko'ina. Na Maldib suna cikin Tekun Indiya, kudu maso yamma da ƙasar Indiya. Sun kusa 1,200, amma kamar 200 ne kaɗai ke da garuruwa. Babban birninsu Male. Waɗansu ƙananan halittun ruwa ne, dangin murjani, suka gina su. In waɗansu suka mutu, sai waɗansu su yi gini bisa ƙasusuwansu, har bayan dubban shekaru abin ya zama dutse, rairayi ya taru a kai.

Mutanen wurin Musulmi ne, gama sarkinsu ya musulunta a 1153. Harshensu Dibehi, cimarsu kifi da kwakwa da shinkafa. Shahararren matafiyin nan Ibn Batuta ya yi alƙalanci a can wajen 1344. Daga baya ya zo Mali, ya tarar ana ciniki da irin wurin da ya baro. Sun sami mulkin kai daga Ingila a 1965.

Ga yadda suke samun wuri a dā. Sai su saka rassan kwakwa a ruwa, dabbobin su maƙale. Sa'an nan su binne su cikin rairayi har naman ya ruɓe, su wanke ƙoƙon. Jiragen Turawa su kai shi gaɓar Afirka ta Yamma, fatake kuma su yo Arewa da shi.

Mai son zuwa can yau sai ya hau jirgin sama daga Kano, ya sāke wani a hanya, ya sauka Male. Daga nan sai jirgin ruwa.

To, amma mutanen nan suna cikin zullumi. Mafi yawan ƙasarsu ba ta ɗara teku da tsayin mutum ba, ga shi kuwa ruwan yana ƙaruwa saboda ɗumamar duniya. A 2009 shugabansu da ministocinsa suka yi taro a ƙarƙashin ruwa don duniya ta farga. Mu hamada ke matso mu, su kuwa teku. Yaron da ya dasa itace ya raine shi, ya taimaki garinsu, ya kuma taimaki mahaifar wuri.

Tambayoyi
1. Mene ne tsibiri?
2. Wuri nawa ne keso biyu?
3. Me ya sa mutanen Maldib suke zullumi?